Hanyar da Ta Ƙi Rufewa

Ke da kika ba ni shawarar in riƙa zuba turare sosai, na gode, amma ki sani na gwada. Warin maganin da muke jiƙa tsoka a ciki ba ya jin turare. Yana shiga gashi, ya shiga zaren riga, ya bi ki har cikin motar haya, ki ga wadda ke gefenki tana matsawa a hankali tana leƙen taga kamar akwai abin kallo.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni likita ce, amma irin likitar da babu marar lafiyar da ya taɓa yi wa godiya. Aikin duba tsoka nake koyo. In an yi wa mutum tiyata a sama aka yanko wani abu daga jikinsa, sai a sa a 'yar kwalba a sauko mana da shi can ƙarƙashin asibiti, kusa da ɗakin wanki. Mu daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, mu yanka siriri fiye da ɓawon albasa, mu rina, mu ɗora a kan gilashi, mu leƙa ta madubin likita mai ƙara girman abu mu faɗi sunan ciwon. Likitocin sama su ɗauka su je su gaya wa mai shi. Su ake riƙe wa hannu ana kuka, su ake yi wa addu'a in an warke. Mu ko fuskar mutumin ba mu sani ba.

A gida mu biyu ne, ni da Umma. Yayyena duk sun yi aure sun bar mana kujeru shida da talabijin da ba mai kallo. In na dawo da yamma, ƙarar cokalina nake ji a faranti, sai numfashin firij. Umma tana da wata al'ada ta tsayawa a bakin ƙofar ɗakina ta yi shiru, in na ɗago ta ce ba komai, ta wuce. Ni kuwa na san mene ne komai ɗin.

Ba wai masu nema ba su zo ba. Sun zo. Na farko ya tambaye ni, cikin ladabi, ko da hannun da nake yanka naman mutane zan riƙa yanka masa na miya. Na biyu bai ce komai ba, sai da aka sa ranar zuwan manyansa ya bugo ya ce a ɗan ɗaga. Har yau ana ɗagawa, ya haifi 'ya'ya biyu a cikin ɗagawar. Tun daga nan Umma ta tsani kalmar nan. Ko mai gyaran famfo ya ce mata a ɗaga, ba zai sake taka gidanmu ba.

Sai Mai Launi ya zo.

Haka na rubuta shi a wayata. Yana da shago a bayan tashar mota inda yake buga hoto a kan yadi da kofi da kati. Na je ya buga min babbar takardar da zan nuna a taron sashenmu, mai hoton tsokar ƙoda. Ya buɗe a kwamfuta, ya ƙara girman hoton, ya sake ƙarawa.

"Wa ya zana wannan?"

"Ba zane ba ne. Ƙodar mutum ce."

Na jira ya yamutsa fuska, don na saba. Sai ya jawo min kujera da ƙafa, idonsa na kan hoton.

"Kina nufin kullum irin wannan kike kallo, kuma a biya ki? Zauna, don Allah. Akwai wasu?"

Jama'a, ku da ake ce muku kuna da kyau ba za ku gane ba. Ni aikina aka ce yana da kyau, kuma ranar ban iya cin abinci ba.

Daga nan ya zama mana al'ada. Duk gilashin da ya burge ni, sai in kara wayata a bakin madubi in ɗauka in tura masa. Ba suna, ba lamba, launi kawai, ruwan hoda da shunayya. Shi kuma ya raɗa masa suna. Hanta ya ce tayil ɗin masallaci ce. Huhu ya ce leshin amarya. Ni yana kirana Likitar Ƙasa. "Likitar Ƙasa, kin ga rana yau kuwa? Tana gaishe ki."

Umma ta yi masa nata binciken, kuma nata ya fi namu tsanani. Ranar da ya fara zuwa ta cika masa faranti da shinkafa, ta zauna tana kallo har ya share. Ta ce tukunyar gas ta ƙare, ko zai taimaka ya hauro da sabuwa daga ƙasan bene. Ya saɓo ta a kafaɗa ya hauro yana yi mata hira. Bayan ya tafi ta same ni a kicin.

"Kin ji numfashinsa?"

"Ban ji ba, Umma."

"To ni ma ban ji ba. Wannan yana da lafiya. Ki riƙe shi."

Kada ku yi mata dariya. Umma tana da ƙuruciyarta ƙodar Baba ta lalace. Rabin yarintata na yi ina kallonta tana wanke zanen gado, tana niƙa magani a cokali, tana juya namiji mai nauyi ita kaɗai. Ranar da aka fita da gawarsa gashinta ya riga ya yi fari, alhali sa'o'inta suna goyo. Ba ta taɓa tambayar mai nemana abin da ya mallaka ba. Tambayarta ɗaya ce, lafiyarsa ƙalau?

Aka sa Asabar ɗin ƙarshen wata, baffanninsa za su zo.

Ana cikin haka ya ce min zai yi 'yar tafiya sayo tawada. Wayarsa ta ɗan kwana a kashe. Da ya dawo ya zo gaishe da Umma, a bakin kujera ya zauna, ya sha ruwa kofi uku, ya ce mota ce ta jijjiga shi. Ni da nake hango ƙwayar da ido ba ya gani, na kalli mutum sukutum a gabana na ce masa sannu da hanya.

Yanzu bari in gaya muku halin Farfesanmu, don in ba ku san shi ba ba za ku gane yadda abin ya faru ba. Dattijo ne siriri, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ba ya yarda ɗalibi ya ga takardar da ta rako tsoka. Cewa yake in ka san labarin mutum, idonka zai ga abin da aka gaya masa ya gani. Sai ya miƙo maka gilashi tsirara ya ce ka faɗi daga ina ya fito.

Da safiyar nan ya shigo yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir.

"'Yata, ajiye abin da kike yi. Duba min wannan."

Na ɗora, na juya. Tafkuna ne na yauƙi, shuɗi-shuɗi, da ƙananan tsibirai na ƙwayoyi suna yawo a ciki. A gefe dogayen ƙwayoyi sun jeru kafaɗa da kafaɗa sun yi zobe, wasu cikinsu ya kumbura kamar kofin shayi. Ban taɓa ganin rini ya kama tsoka haka ba.

"Hanji ne, Farfesa. Ƙari ne na babban hanji, mai yauƙi. Kuma ciwon daji ne."

"Daji ne, wannan kin faɗa daidai. Hanji fa, kin tabbata?"

"Ko a mafarki aka nuna min."

Ya yi dariya har tabarau na goshi ya zamo.

"Daga mafitsara aka yanko shi. Daga can ƙololuwarta."

Na sake leƙawa. Ai shimfiɗar cikin mafitsara daban take, ba ta yin zobe, ba ta yin yauƙi. Me ya kawo naman hanji nan?

Ya ja kujera ya zauna, ya zana min a bayan ambulan. Lokacin da ɗan adam yake cikin uwarsa, akwai wata siririyar hanya da ta taso daga saman mafitsararsa ta nufi cibiya. Kafin a haife shi takan toshe ta bushe, ta koma kamar zare. A wasu mutane kuwa wani ɗan lungu nata yakan ƙi rufewa. Ya zauna shiru shekara da shekaru, mai shi bai sani ba. Wata rana ƙwayoyin da ke ciki su sauya kama su koma irin na hanji, daga nan su fanɗare.

"Amma kada ki yi sauri," ya ce. "Sai mun tabbatar ba daga hanjin ya taso ya sauko nan ba. Za mu ƙara rini, su ma na sama su leƙa cikinsa. In hanji ya fita lafiya, to kin ga abin da ni sau biyu na gani tun da na fara aiki. Dubi kyau, don Allah. Dubi kyau!"

Haka muke magana a ƙasa. Ban ce daidai ba ne, amma haka muke. Aka kira kowa, har mai yankan kaki ta bar injinta ta zo ta leƙa. Da suka watse na kara wayata na ɗauka.

"Mai Launi, ga na yau. Ban taɓa ganin mai kyau irinsa ba."

Nan take ya amsa. "Kai! Wannan furanni ne a cikin ruwa. Na wane ne?"

"Ban sani ba. Allah dai ya ba shi lafiya."

"Mai tsanani ne?"

Na rubuta ina murmushi, ina jin kaina gwana: "A wurinmu, waɗanda suka fi kyau su suka fi mugunta."

Ya turo min hoton fure da fuskar dariya. Na kife wayar na ci gaba da aiki.

Sauran rinin ya ɗauki kwanaki. Ranar da ya fito, likitan tiyatar da kansa ya sauko, abin da ba su cika yi ba, don sun ce benenmu sauka kawai yake da shi. Dogo muke ce masa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu, kuma bai iya magana a hankali ba. Muka zauna mu uku a babban madubin nan mai baki da yawa, kowa idonsa a nasa, Farfesa yana tuƙa gilashin.

"Hanji lafiya lau," in ji Dogo. "Mun leƙa daga farko har ƙarshe. Hoto ma bai nuna ya yi nisa ba, amma ka san sai an buɗe."

"To ya tabbata na hanyar cibiya ne. Yaya za ka yi masa?"

"Zan cire saman mafitsarar, in bi zaren nan duka, in haɗa da cibiyar in ɗauke gaba ɗaya. Yaro ne fa, bai wuce talatin da 'yan kai ba. Jini ya gani a fitsari ya yi ta ɓoyewa. Ka gan shi, ƙato, sai ka rantse zai ɗaga mota."

Farfesa ya ce Allah sarki, yana matsa gilashin.

"Mutumin kirki. Mai buga hotuna ne a yadi, duk yatsunsa tawada. Aure ma zai yi, wai ƙarshen watan nan manyansa za su je. Ka san abin dariya? Roƙona ya yi kada a kawo tsokar nan wurinku, a kai wani wuri, wai yarinyar a asibitin nan take aiki, ba ya so hankalinta ya tashi kafin ya san inda ya tsaya. Na ce to. Amma ka san mutanen ɗakin tiyata, hannunsu ya saba, kwalba na fitowa ƙasa ake yi da ita. Sai da na nema na ji tsokar tana nan. Gobe zai zo in gaya masa."

Ban ɗago ba. Amfanin madubi ke nan, ba mai ganin idon wani. Furannin suka narke suka haɗe, na yi ta juya maɓallin gyara gani, suka ƙi dawowa.

"'Yata, ke za ki rubuta rahoton," Farfesa ya ce. "Ke kika fara ganinsa."

"Farfesa, a ba wani. Kaina ke ciwo."

Ya dube ni ta saman tabarau. Suka fita tare, muryar Dogo tana hawa bene tana raguwa.

Kowa ya tafi cin abinci. Na zauna ni kaɗai da ƙugin injin wanki ta bayan bango. Ban je na duba suna ba, me zan duba? Na san yatsun nan. Na san tawadar da ke ƙarƙashin farcen babban yatsansa, wadda ya ce ko ranar aure ba za ta fita ba, in yi haƙuri.

Na mayar da gilashin na sake kallo. Mahaifiyarsa ta rasu yana rarrafe, ko hotonta ba shi da shi. Ya taɓa ce min babu abin da ya rage masa nata. Ashe akwai. Ɗan lungun da ya saura tun yana cikinta yana nan a jikinsa, yana hawa bene da shi, yana saɓa tukunyar gas da shi.

Na so in kira wani. Na buɗe wayata na bi sunaye daga sama har ƙasa. In na kira yayata, za ta gaya wa Umma kafin in kashe. Ƙawayena na sama abokan aikin Dogo ne. Doka kuma ta hana, sirrin marar lafiya ne, ba ni ce likitarsa ba, bai kamata ya ji daga bakina ba. Mutum ɗaya ne a duniya da nake gaya wa abin da na gani a gilashi, shi ne kuma a kan gilashin. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ni da na ɗauka na gama saninsa.

Na kuma san abin da littafi ya ce. In an cire shi da wuri, mutane suna rayuwa, su yi aure, su tsufa. Wani lokaci kuma yakan dawo. Babu rinin da zai gaya min wanne ne rabonsa.

Da na isa gida na tarar da Umma a kan kujera tsaye, tana rataya sababbin labule masu ruwan madara. An ja kujeru, an goge gilashin kabad, har hoton Baba an sauke an share.

"Riƙe min nan. Baƙin Asabar ba za su zo su ga tsumma ba. Me ya sami idonki?"

"Maganin wurin aiki ne."

"Wannan aiki naki." Ta sa ƙugiya, ta sauko tana dafa kafaɗata. Ta tsaya tana kallon labulen, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kin san abin da nake roƙa miki kullum? Ba kuɗi ba. Allah ya ba ki wanda za ki kwana ki tashi ba ki saurari numfashinsa ba. Ni na yi jinya, ta ishe mu ni da ke. Ba zan ga 'yata ta ɗauki tasar majinyaci ba ina raye."

"Umma, ai ciwo ba ya sallama."

"Ba ya yi. Amma wanda ka gani da idonka, ba ka buɗe masa ƙofa."

Wayata ta yi ƙara. "Likitar Ƙasa, ina ƙasan benenku. In hauro? Na zo da kaya."

Na shiga ɗaki na wanke fuska. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na cire, na sa baƙa, na ga kamar mai zaman makoki, na mayar da mai ruwan tokar. Na shafa hoda ta ƙi zama.

Yana zaune a bakin kujera, cikin farar riga mai dogon hannu, an yi aski. Yau na ji numfashinsa. Ban sani ba ko can ma yana yi, kunnena ne bai buɗe ba. A cinyarsa akwai ƙunshi cikin takarda mai sheƙi.

"Umma, ki ba ni izini in ba Likita tsaraba a gabanki, don kada a ce na yi ɓoye."

"Ba ta, ɗana. In ba ta so ni ina so."

Na kwance zaren. Yadi ne mai laushi, mara nauyi, ya zubo a hannuna kamar ruwa. Mayafi. Na warware shi.

Tafkuna shuɗi-shuɗi. Tsibirai masu ruwan hoda. Zobba sun jeru a gefe, ya maimaita su ya yi musu baki kamar aikin hannu.

"Furanninki ne," ya ce yana murmushi. "Kin ce ba ki taɓa ganin mai kyau irinsa ba. Sau uku ina bugawa kafin launin ya fito daidai. Babu mai irinsa a duniya, ke kaɗai."

"Masha Allah!" Umma ta karɓe ta ɗaga shi wajen taga. "Kai, yaron nan da hannu yake. Wane fure ne wannan?" Ba ta jira amsa ba ta yafa min a ka, ta gyara gefen, ta ja baya. "Shi za ki sa ranar Asabar. Dubi yadda ya haska ki. Bari in kawo muku shayi."

Ta shige kicin tana 'yar waƙarta. Rabon da in ji Umma tana waƙa har na manta.

Muka rage mu biyu. Mayafin yana kaina, ba shi da nauyin komai, amma wuyana ya ƙage. Ya kalli ƙofar kicin, ya kalli hannuwansa, murmushin ya sauka.

"Likita, akwai maganar da na zo da ita. Kada ki fassara ta da wani abu."

Na saurara.

"Ina so a ɗan ɗaga zuwan su Baffa."

Ga ta nan, kalmar da aka hana faɗa a gidanmu.

"Ba wani abu ba ne," ya ci gaba da sauri. "Akwai abin da nake jira gobe. In ya zo da kyau, wallahi jibi ma sai su zo. In kuma bai zo da kyau ba..." Ya murza babban yatsansa. "Kin ba ni labarin Umma da Baba. Ba zan sa ki a wannan ɗakin ba. Gara ki ce na yi miki irin ta wancan mai ɗagawar, ki tsane ni, ki huta."

Kun ga wautar maza? Ya gama shirya min rayuwata har da wanda zan tsana. Ya yanke cewa in koma ɗakina da cokalina da firij, in ɗauka warin magani ne ya kore shi kamar sauran, shi kuma ya je ya kwanta a ƙarƙashin wuƙar Dogo ba mai riƙe masa hannu. Ina hawa biyu a ƙasansa, ina yanka abin da aka ciro daga cikinsa.

Na san doka. Na san gobe ne ranarsa, Dogo ne mai faɗa. Na kuma san in na bar shi ya sauka benen nan da kalmar ɗagawa a bakinsa, Umma za ta rufe ƙofa, shi ba zai sake ƙwanƙwasawa ba.

"Ba daga hanji ya zo ba," na ce.

Ya ɗago.

"An duba, hanjinka lafiya lau. A saman mafitsara yake, daga wata tsohuwar hanya da ta ƙi rufewa tun kana ciki. Ba laifinka ba ne, ba abin da ka ci, ba abin da ka yi. Likitanka ya iya aikin. Zai cire saman, ya haɗa da cibiya."

Idonsa ya bar fuskata ya hau kan mayafin, ya bi zobban ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo hannu ya kama gefensa da yatsu biyu, kamar mai taɓa abin da zai ƙone shi.

"Na ce kada a kai miki."

"An kawo."

"Wannan... jikina ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Sau uku na buga shi." Sai dariyar ta ɗauke. "Kin ce waɗanda suka fi kyau su suka fi mugunta."

"Na faɗa. Lokacin ban san fuskar mai shi ba." Na dube shi cikin ido. "Ba zan yi maka ƙarya ba, daji ne. Ana cire shi a zauna lafiya, wani lokaci kuma ya dawo. Ban san naka ba, ba wanda ya sani. Amma duk abin da aka ciro, ƙasa za a sauko da shi, ko ka so ko ka ƙi. Ba zan jira ka a kwalba ba. Asabar tana nan inda take."

"Likita, ba ki san abin da kike ɗauka ba."

"Ni na fara ganinsa. Na fi ka sani."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara motsi, bai saki gefen mayafin ba.

Sai na ji kofuna suna karo da juna.

Umma tana tsaye a bakin ƙofar kicin da faranti a hannu, shayi yana zuba a kan yatsunta ba ta ji ba. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ba ni take kallo ba, shi take kallo, irin kallon da take yi wa ƙofar ɗakin Baba in ta zo wucewa.

"Cibiyar wa za a cire?"

Ya yunƙura zai tashi. Na riga shi. Na gyara zaman mayafin a kaina, na zagaya tebur na zauna a kujerar da ke gefensa, abin da ban taɓa yi a gabanta ba.

"Umma," na ce, "ajiye farantin nan ki zauna."